Lissafin Shuni Kafin Azahar

Akwati ɗaya na tufafi. Kwamfuta a cikin kwalinta, naɗe da bargo. Faya-fayan da na kwafe aikina a kai. Kundin digiri. Rigar sanyi da ba zan ƙara sawa ba. Turaren Hajiya, agogon Baffa, da takalman 'ya'yan Yaya Sada waɗanda na saya da ƙiyasi.

Kwalin yana kan cinyata tun daga filin jirgin Kano. Yaya Sada ya ce in sa shi a but ɗin motarsa, na ce a'a. Mun wuce Kankiya ana yayyafi, gero ya fara tsiro a gonaki.

"Kin lura?" ya ce. "Tun daga Bichi ba sojan da ya tsayar da mu."

"Na lura da ramuka."

"Za a cike su. Mulki ya dawo hannun farar hula, kuma farar hular nan mu ne."

Shi ne babban wana. Sa'ad da na tafi Jamus karatu yana sayar da yadi a Babbar Kasuwa, a rumfar da mahaifinmu ya bari. Yanzu ga babbar riga mai aiki, ga hoton jam'iyya manne a gilashin mota.

"Ana kafa wata hukuma," ya ce. "Ana neman mace mai digirin digirgir, 'yar cikin gari. Na duba gabas, na duba yamma, sai na tuna ina da ita a gida. Dakta Ramla. Ofis, mota, direba."

"Hukumar me?"

"In an rantsar da ku za a sani."

"Ina da aiki."

"A cikin kwalin?"

"A cikin kwalin."

Ga aikin a taƙaice. Kowane abu da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai elektiron da yawa suna kai da komo. Ba sa son juna. Kowane yana kauce wa ɗan'uwansa, kamar masu ɗauke da tulu in sun haɗu a lungu. Wannan kauce-kaucen yana rage wa ƙwayar kuzari ɗan kaɗan, kuma ɗan kaɗan ɗin nan shi ke yanke hukunci ko ƙwayoyi biyu za su manne ko za su rabu. Mai son sanin yawansa sai ya ɗauki elektiron ɗin bibbiyu, kowa da kowa, ya lissafa. In ƙwaya ta ninka girma sau biyu, aikin yakan ninka fiye da sau talatin.

A Jamus akwai na'ura mai cika ɗaki. Na ba ta ƙwayoyin shuni guda biyu, ɗaya kwance a kan ɗaya, ta yi makonni tana niƙa, ta faɗi ƙarfin da ke manne su. Amsar tana cikin kundina, kowa na iya karantawa. Shuni na zaɓa don ƙwayarsa shimfiɗaɗɗiya ce kamar ganye, kuma don na girma ina ganin sa a yatsun mahaifinmu. Abin da na dawo yi shi ne in samo amsar nan, ko dab da ita, da kwamfutar da mutum ke iya ɗauka a cinya. In ya yiwu, ana iya yin irin aikina a Katsina. In bai yiwu ba, kwali na dawo da shi.

Gidanmu yana Ƙofar Marusa. Hajiya, mahaifiyarmu, ta ba ni ɗakin da ke kusa da zaure, ta kuma kafa doka tun daren farko: ƙofar wanda ya dawo daga tafiya ba a rufe ta. Mata suka yi ta zuwa sannu da zuwa. Wasu na san su, wasu sun ce sun goya ni. Duk sai sun leƙa kwamfutar sun tambaya ko tana kama tashar Kano.

Wutar gari takan zo ta tafi yadda ta ga dama, ba a dogara da ita. Yaya Sada yana da janareto a bayan ɗakina. Da dare ba a kunna shi, saboda barcin maƙwabta. Da hantsi na sa aka tayar da shi, na ɗora lissafin, na zauna ina kallon lambobi suna sauka. Rana ta take. Ladan ya gyara murya. Injin ya mutu, fuskar kwamfutar ta yi baƙi.

Na fita. Babu abin da ya lalace. Kashe shi aka yi.

Gidanmu da masallacin unguwa bango ɗaya ne. Na girma da sanin haka, na manta. Limamin kuwa Baffa Mamman ne, ƙanen mahaifinmu, kuma tun ranar da aka kawo injin ya ce daga kiran salla zuwa sallama ba ya son jin tarinsa. Ma'ajiyar kwamfutata ba ta da girman da za ta riƙe rabin aiki. In an yanke, an koma farko.

Bayan salla na same shi a zaure, na durƙusa. Muka gaisa: gajiya, hanya, damina, mutanen can, gajiya kuma. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ramlatu," ya ce, "Bature ya koya miki lissafi, bai koya miki bango ba? In injin Sada yana kuka, sahun baya ba sa jin kabbara. Ran nan Almu na sahun baya ya kai goshi ƙasa mu muna ruku'u."

"Sau ɗaya kawai, Baffa."

"To wace sallar za mu ba ki aro?"

Ya juya sabon agogonsa a hannu, ya ji tausayina kaɗan.

"Ranar Juma'a dai duk muna babban masallaci. Ki yi ta kukanki har La'asar."

Na yi godiya na tashi. Hanyar da ke aiki rana ɗaya a mako ba hanya ba ce. Abin da nake da shi kullum shi ne daga hantsi zuwa Azahar. Lissafin ne zai rage tsawo.

Na tambayi Yaya Sada ko za a matsar da injin wani wuri. Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Ina? Ɗakin Hajiya? Autar Hajiya, ki ji ni. A ofishin nan wuta ba ta ƙiftawa. Ki karɓi kujera, ki ajiye akwatin tsafinki a gefe, ki yi ta danna shi."

Na san irin ofishin. Na ga zauren Yaya Sada tun da aka ci zaɓe: mutane a zaune tun safe, kowa da buƙatarsa a aljihu. Wanda ya hau kujerar nan ba zai ƙara yin tunani ɗaya ya kai ƙarshensa ba.

"Yaushe za a miƙa sunaye?" na ce.

"Bayan Mauludi."

"In har zuwa lokacin kwamfutar nan ba ta ba ni amsar Jamus kafin Azahar ba, ka miƙa nawa."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi."

Ba don burga na faɗa ba. Wata kwaleji a bayan gari ta ce in zo in riƙa koyarwa da yamma, amma ba ta da na'ura ko ɗaya. In hanyar ta gaza a ɗakin nan, ta gaza a ko'ina cikin garin, kuma ba ni da sauran dalilin ƙin kujera.

Dabarar da na zo da ita mai sauƙi ce. Elektiron biyu da ke kusa da juna suna kauce wa juna sosai. Waɗanda ke nesa da ƙyar suke sanin juna. To a lissafa na kusa, a zubar da na nesa. Na ja iyaka, na ce duk biyun da tazararsu ta wuce nan ba ruwana da su. Aikin ya ragu ƙwarai. Kwamfutar ta gama ladan bai ko yi alwala ba.

Amsar ba ta yi ba. Ta ce ƙwayoyin shunin da ƙyar suke riƙe da juna. Kusan sulusin ƙarfin ya ɓace.

Na faɗaɗa iyakar, na shigo da ƙarin na nesa. Amsar ta matso, lokaci ya ƙaru. Na ƙara faɗaɗawa, Azahar ta same ni a tsakiya. Na rage, amsa ta lalace. Haka na yi ta yi, kamar mai gajeren zane: in ka rufe kai ƙafa ta fito. Yaya Sada yakan leƙo da rana ya ce, "Dakta, shunin ya kama?"

Wata rana bayan La'asar Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta.

"Ke Baturiya, tashi."

"Ina aiki, Hajiya."

"Injin a kashe yake, mi kike aikatawa? Kunya ta ishe ni a garin ga. An zo an gaishe ki, ke gida nawa kika taka?"

"Na je wurin Baffa. Na je wurin Gwaggo Hajjo."

"Sauran fa?"

"Sauran na nesa ne."

"Ɗauko mayafinki."

Muka fita da ƙafa, muka nufi Ƙofar Durbi. Na ƙiyasta dangin da take nufi, na ga ko mako ba zai ishe mu ba. Ban san yadda take yi ba.

Gidan Gwaggo Hajjo, yayar mahaifinmu, muka fara shiga, ko da yake na riga na je. Nan aka shimfiɗa tabarma, aka dama fura, aka bi kowane ɗa da jika da suna, har akuyar da ta haihu. Muka daɗe. Gida na gaba Hajiya ba ta cire takalmi ba. Ta tsaya a bakin tsakar gida ta yi sallama, ta ce, "Mun biyo ne, ga Ramla ta dawo, ku yi haƙuri da ita, sanyin can ya daskarar mata da ƙafa." Aka yi dariya, aka ce in zauna, Hajiya ta ce wata rana, muka fita. Gidaje da yawa haka muka yi musu.

A bakin titi kuma ta hango wata mata can tsallake, tana sayen kayan miya. Ba ta tsallaka ba. Ta ɗaga hannu ta ɗaga murya.

"Lailatu! Ga 'yar taku! A gaida mutan gida!"

Matar ta ɗago hannu biyu, ta washe baki, muka wuce.

"Wace ce?" na ce.

"Jikar ƙanwar kakar babanki."

"Me ya haɗa mu da ita?"

"Kusan babu. Shi ya sa hannu ya ishe ta."

"In kusan babu ne, a bar ta mana."

Hajiya ta dube ni kamar na zubar da miya.

"Ita kaɗai in kin bar ta, ba komi. Amma irinta cike suke da garin ga. Kowa ya riƙe ki da ɗan abu kamar ƙwayar gero. Ran da kika tashi da sha'ani sai ki ga tsakar gida wayam, ki ce mi na yi wa mutane. Tafi, ga wata can."

Kafin Magariba mun zagaye unguwa biyu. Ba wanda aka tsallake, kuma gida ɗaya tak muka zauna.

Ba zan ce Hajiya ta koya mini kimiyya ba. Abin da ya faɗo mini a hanyar dawowa an rubuta shi tun kafin a haife ta. Elektiron biyu da ke nesa ba sa ganin juna dalla-dalla. Kowane yana jin motsin ɗayan ne a dunƙule, kuma akwai gajeren lissafi na wannan, layi kaɗan, wanda aka koya mana a farkon karatu muka wuce shi. A Jamus ban taɓa buƙatarsa ba. Mai babbar na'ura kowane gida yake shiga ya zauna. Ni da ba ni da lokacin haka, sai na yanke na nesa gaba ɗaya. A tsakanin ƙwayoyi biyu da ke kwance a kan juna kuwa, yawancin elektiron nesa suke da juna. Kowane biyu abin da suke bayarwa bai taka kara ya karya ba. Su duka, sulusin ƙarfin ne.

Na raba su uku. Na kusa, cikakken lissafi. Na tsakiya, lissafi mai rangwame. Na nesa, gajeren nan.

Faɗar haka ta fi aikatawa sauƙi. Sai da na sake rubuta rabin umarnin kwamfutar, ina yi a takarda in injin yana kashe, ina shigarwa in ya tashi. Gwajin farko ya ba da ƙarfin da ya zarce na Jamus nesa. Na bi layi-layi, na gano waɗanda ke kan iyaka ina ƙirga su sau biyu, a na tsakiya da a na nesa. Na gyara. Gwaji na biyu ya tsaya da kansa a kan kuskuren rubutu. Ranar Mauludi tun safe ake karatu da yabo a masallaci, injin bai tashi ba sam. Na taya Hajiya tuƙa tuwo, na kai wa maƙwabta. Wadda na hango daga nesa na ɗaga mata hannu.

Washegari Yaya Sada ya ce gobe da yamma zai kai sunaye.

Da ranar ta zo, na tayar da injin da kaina tun da hantsi. Na duba mai, na duba waya, na ɗora lissafin. Na kusa suka fara, a hankali, kamar kullum. Mata biyu suka shigo gaisuwa, na amsa musu idona a kan lambobi. Wata ta ce a kunna mata fanka, ta miƙa hannu za ta zare wayar kwamfutar. Na riƙe wuyan hannunta. Ta ce, "Ikon Allah," ta koma ta zauna.

Inuwar bango tana janyewa daga tsakar gida. Da ita nake auna lokaci, ta fi agogo gaskiya a kan Baffa. Na tsakiya suka shiga. Inuwar ta kai bakin rijiya. Na ji motar Yaya Sada ta tsaya a waje, na ji muryarsa a zaure yana raha da mutanensa.

Ya shigo da leda a hannu, ya zazzage a kan gadona. Leshi ne ruwan ƙwai, da gyale.

"Kayan rantsuwa," ya ce. "Tela yana jira a auna ki. Kada ki je mana da wandon Jamus."

"Azahar ba ta yi ba."

"Saura ƙiris. Na ga ladan yana neman butarsa."

Na tsakiya suka ƙare. Na nesa, waɗanda suka fi kowa yawa, suka wuce kamar an watsa tsakuwa a kwano. Lambobi suka daina sauka. Layi ɗaya ya tsaya a ƙasa.

Na buɗe kundin, na ajiye shi kusa da fuskar kwamfutar. Na karanta wannan, na karanta wancan. Tawa ta gaza ta Jamus da abin da bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Na sake karantawa. Na adana amsar a faifai, na kashe kwamfutar, na zagaya baya na kashe injin.

Shirun ya sa Baffa ya leƙo ta zaure, hannun rigarsa a naɗe, ruwan alwala yana ɗiga daga gemunsa.

"Lafiya? Yau injin ya riga ladan?"

"Ya gama, Baffa."

"To madalla. Kin ga ba mu ci bashin kowa ba." Ya juya ya tafi.

Yaya Sada yana tsaye inda na bar shi, yana duban kundin a juye.

"Wannan ce? Lamba ɗaya?"

"Ita ce."

"Kuma ba ta ma yi daidai ba, na ga fuskarki."

"Ta yi kusa yadda ake buƙata."

"In dace ne fa?"

Tambaya ce mai kyau, na kuma gaya masa haka. Amsa ɗaya tana iya zama dace. Gobe zan matsar da ƙwayoyin nesa da juna kaɗan in sake. Jibi in karkata ɗaya. Bayan shuni akwai wasu. Aikin shekaru ne, kuma yanzu na san kowane yanki nasa yana shiga tsakanin hantsi da Azahar.

Ya daina dariya. Ya zauna a bakin gado, kan leshin.

"Ramla, na sa bakina a wurin manya. Kin san mutum nawa ke bin kujerar nan? Shekara nawa muna kallon soja suna raba abu a tsakaninsu. Yau an ce ku zo, ke ki ce kina ƙirga abin da ido bai gani?"

"Alkawarinmu ya ce in ta gaza. Ba ta gaza ba."

"Me zan ce musu?"

"Ka ce ƙanwarka ba ta da hankali. Za su yarda, sun san daga inda na dawo."

Ladan ya ɗaga murya. Yaya Sada ya tashi, ya tattara leshin ya cusa a leda, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran in ce wani abu. Hajiya ta fito daga madafa da ludayi a hannu, tana duban mu.

"Hajiya," na ce, "daga gobe duk mai son gaishe ni ya zo bayan La'asar. Wanda bai zo ba ni zan je, ko in ɗaga masa hannu. Amma da safe ƙofar nan a rufe take."

"A gidan ga?"

"A gidan nan."

Ta dubi ludayinta, ta dubi Yaya Sada. "Kai ka ɗauko ta daga Kano," ta ce masa, ta koma madafa.

Ƙofar ta kumbura da damina, ta daɗe ba a motsa ta ba. Sai da na sa kafaɗa ta shiga. Na ja sakata.

"Ramla," ya ce daga waje. "Sunan fa?"

"Ka cire shi, Yaya. Ina nan."